Daga Ƙaurin Mai Zuwa Barkonon Tsohuwa: Abin da Ke Bayan Hawayen Hayaƙi

Duk wanda ya taɓa tsayawa sayen ƙosai da sassafe, mai tuya ta ɗan juya ba da canji har wuta ta fi ƙarfin kasko, ya san abin da ke biyowa baya. Man zai fara tashin wani siririn hayaƙi mai shuɗi-shuɗi, ƙauri ya bugi hanci, kafin mutum ya ankara ido ya kawo ruwa, maƙogwaro ya yi maƙaƙi, tari ya sarƙe shi. Babu wanda ya yi shawara da kansa kafin ya kau da fuska. Mukan ce hayaƙi ya shiga ido, kamar dai tsakuwa ce ta faɗa ciki. Amma ƙurar hunturu tana shiga ido kullum ba ta yin irin wannan raɗaɗi, tururin tukunya ma haka. Akwai wani abu takamaimai a cikin wannan hayaƙi, akwai kuma wani abu a jikinmu da ke zaman jiran zuwansa, kuma sai a farkon wannan ƙarni masana suka gano yadda biyun ke haɗuwa.

Abin da ke cikin hayaƙin sunansa akirolin, ɗaya daga babban dangin sinadarai da ake kira aldehaid. Dangin ba duka ne mugaye ba. Ƙamshin kirfa na aldehaid ne, haka ƙamshin banila da ake zubawa a kek. Abin da ya haɗa su gida ɗaya wani ƙulli ne a ƙarshen jikinsu, inda ƙwayar kabon ke riƙe da ƙwayar oksijin da hannu biyu. Oksijin kuwa akwai haɗama: tana janye ilektaron, wato 'yan ƙwayoyin lantarkin da ke tsakaninsu, zuwa wajenta, ta bar kabon da yunwa. Shi kuma mayunwacin kabon duk inda ya ci karo da mai ilektaron a sake sai ya cafke, ya manne. Akirolin ya fi 'yan'uwansa fitina saboda yana da wani riƙon hannu biyu na daban daf da na farkon, yunwar ta zarce har wutsiyarsa. Ga shi ɗan ƙarami, kabon uku kacal, yana bin iska ba wuya. Yana fitowa ne idan gilisarin da ke cikin mai ko kitse ya ƙone, haka idan itace, kara, taba, leda ko man dizal suka ci wuta ba su cinye tas ba. Masanin nan ɗan ƙasar Suwidin, Berzelius, shi ya raɗa masa suna a 1839, daga kalmomin Latin biyu masu ma'anar yaji da mai. A Yaƙin Duniya na Ɗaya har sojojin Faransa sun gwada shi a matsayin makami. Abin da ke tashi daga kaskon ƙosai ke nan, sai dai ɗan kaɗan ne.

To, me yake cafkewa a jikin mutum? Kusan duk aikin da ke gudana a cikin ƙwayar halitta furotin ne ke yin sa, kuma a jikin furotin da yawa akwai wani tubali mai suna sistiyin, wanda ke ɗauke da ƙwayar farar wuta. Wannan farar wuta ita ce mafi sauƙin kamu. Da zarar akirolin ya manne mata, siffar furotin ta karkace, aikinsa ya lalace ko ya tsaya cak. Gubar aldehaid a taƙaice ke nan: ba ya zaɓen wanda zai ɓata, duk wanda ya tarar da farar wutarsa a waje shi ne nasa.

Labarin ɓangaren jiki ya fara ne da barkono. A 1997 David Julius na Jami'ar Kalifoniya da ke San Faransisko ya gano wata 'yar ƙofa a bakin jijiyoyin jin zafi wadda yajin barkono ke buɗewa, zafin wuta ma yana buɗe ta. Aka sa mata suna TRPV1. Shi ya sa baki ba ya bambance yaji da ƙuna, kuma Bahaushe bai yi kuskure ba da ya kira su duka zafi. A 2002 aka gano wata ƙofar, TRPM8, wadda sanyi da sinadarin mantol na na'a-na'a ke buɗewa. A 2003 ɗakin binciken Ardem Patapoutian, haifaffen Beirut da ke aiki a Kalifoniya, ya bayyana wata ta uku a cikin jijiyoyin jin ciwo, wadda daga baya aka daidaita sunanta ya zama TRPA1. Shekara guda bayan haka aka nuna cewa man mastad da sinadarin kirfa suna buɗe ta, sai ɗanyar tafarnuwa ta biyo. A 2006 Diana Bautista da abokan aikinta a ɗakin binciken Julius suka samar da ɓerayen da aka cire musu wannan ƙofa, sai aka ga jijiyoyinsu sun daina amsa wa akirolin. Julius da Patapoutian ne suka raba kyautar Nobel ta fannin likitanci a 2021, saboda aikinsu kan yadda jiki ke jin zafi, sanyi da taɓi.

Amma nan wani abin ɗaure kai ya taso. Abin da aka sani tun da daɗewa shi ne kowace irin wannan ƙofa tana da mabuɗinta, kamar kwaɗo da makulli: siffa ta dace, ƙofa ta buɗe. To ina abin da ya haɗa siffar tafarnuwa da ta kirfa da ta hayaƙin dizal da ta fomalin ɗin ɗakin ajiye gawa? Ko kama ba su yi ba. Amsar ta zo a ƙarshen 2006 da farkon 2007, daga ɗakunan binciken biyu, kowanne da aikinsa. Ita wannan ƙofa ba ruwanta da siffa. A ɓangarenta na cikin ƙwayar halitta tana da wasu sistiyin da ta bari a fili, farar wutarsu a buɗe, sun fi na sauran furotin saurin kamuwa. Duk sinadarin da ke da yunwar ilektaron, ko wace irin siffa gare shi, su zai fara cafkewa. Cafkewar ce ke murɗa ƙofar ta buɗe.

Mutanen da, idan sun haɗa dafin kibiya, a jikin zakara suke gwadawa kafin a fita. TRPA1 ita ce zakaran gwajin dafi na jikin mutum. Hanyar da take gane guba ita ce gubar ta fara cin ta. A ganina wannan shi ne abu mafi muhimmanci a duk maganar, domin yana canza ma'anar hawayen bakin murhu. Lokacin da ido ya kawo ruwa, an riga an taɓa furotin a jikinka, kuma abin da ya manne wa ƙofar yana nan yana neman sauran furotin ɗin da ke maƙwabtaka da ita.

Da ƙofar ta buɗe sai kalsiyam da sodiyam su kwarara cikin jijiya, saƙo ya tafi. Na ido da hanci da baki yana bin jijiyar nan mai rassa uku da ke kula da fuska; na maƙogwaro da bututun huhu yana bin doguwar jijiyar da ake kira bagas, wadda ta sauko daga ƙasan ƙwaƙwalwa ta ratsa ƙirji har ciki. Martani yana dawowa nan take: ƙifta ido, hawaye, atishawa, tari, majina, bututun iska ya tsuke, numfashi ya ja baya. Tun kafin a san da wata TRPA1, wani masani mai suna Yves Alarie ya ƙirƙiro gwajin auna ƙarfin raɗaɗin sinadari ta hanyar duba yawan da zai sa ɓera ya rage numfashinsa da rabi, kuma an daɗe ana amfani da sakamakon wajen tsara iyakar abin da ma'aikacin masana'anta zai shaƙa. Ashe wannan ƙofa ake aunawa ba a sani ba. Tsohuwar dabara ce ƙwarai a halittu, don har ƙudan 'ya'yan itace yana da irinta, da ita yake ƙin abinci mai guba.

Bari in ɗan ratse zuwa barkonon tsohuwa, tunda sunan ya jawo. Hayaƙin da 'yan sanda ke harbawa don tarwatsa taro, wanda aka fi sani da CS, daga harufan farko na sunayen Corson da Stoughton, Amurkawan da suka haɗa shi a 1928, ba aldehaid ba ne, amma mayunwacin ilektaron ne na gaske. A 2008 da 2009 aka tabbatar TRPA1 yake bugu, kuma yana cikin mafiya ƙarfin abubuwan da aka sani suna buɗe ta. Ke nan ta fuskar ƙofa ya fi kusa da tafarnuwa da ƙonannen mai fiye da barkono. Duk da haka wanda ya raɗa sunan bai yi nisa da gaskiya ba, domin mafi yawan jijiyoyin da ke ɗauke da TRPA1 suna ɗauke da ƙofar barkono ita ma. Waya ɗaya ce, ƙararrawa biyu.

Da a ce aikin jijiyar ya tsaya a kai rahoto, da maganar ta yi sauƙi. Sai dai bakin jijiyar ba rahoto kawai yake kaiwa ba, shi ma yana ɗaukar mataki a inda yake. Yana fesa wasu ƙananan sinadarai, manyansu su ne wanda ake kira sinadarin P da kuma CGRP, waɗanda ke buɗe hanyoyin jini, su sa ruwa ya tsattsafo, wuri ya kumbura, dakarun garkuwar jiki su taru. Kumburi ne da jijiya da kanta ta kunna. Sau ɗaya ko biyu kariya ce. Kullum safe da yamma, shekara da shekaru, ya zama cuta mai zaman kanta. A 2008 masu bincike a Italiya suka nuna, a jikin dabbobin gwaji, cewa irin wannan kumburi da hayaƙin sigari ke haddasawa a bututun iska aikin akirolin ne da ɗan'uwansa kurotonaldehaid ta hanyar TRPA1, ba aikin nikotin ba. Nikotin ke riƙe mashayi, aldehaid ke cin maƙogwaronsa. A 2009 kuma rukunin Sven-Eric Jordt a Jami'ar Yale suka nuna ɓerayen da ba su da ƙofar ba sa kamuwa da irin asmar gwaji da ake jawo wa 'yan'uwansu kamar yadda aka saba gani. Ɓera dai ba mutum ba ne, kuma an sha warkar da ɓera da maganin da ya kasa a jikin ɗan Adam. Amma duk mai asma ya san abin da hayaƙin shara ko ƙamshin turare mai ƙarfi ke yi masa cikin daƙiƙa, kuma wannan bincike ya ba abin da yake ji hanya da suna.

Haka batun ciwon kai. Rassan jijiyar fuska suna kaiwa har tantanin da ya lulluɓe ƙwaƙwalwa, kuma CGRP ɗin nan shi ne sinadarin da sababbin magungunan ciwon ɓarin kai, waɗanda suka fara shiga kasuwa a 2018, ke tarewa. Macen da ta ce hayaƙi ko turare na tayar mata da ciwon kai ba raki take yi ba. Akwai kuma alamu daga gwajin dabbobi cewa saƙon da ke tashi daga huhu yana iya rikita jijiyoyin da ke daidaita bugun zuciya da hawan jini.

Shaida mafi ƙarfi a jikin mutum ta fito ne daga wani dangi a ƙasar Kolombiya, wanda aka wallafa labarinsa a 2010. Tun suna jarirai, wasu daga cikinsu sukan faɗa cikin wani matsanancin ciwo a saman jiki, wanda yunwa ko sanyi ko gajiya ke tayarwa, ya gallabe su na wani lokaci sannan ya lafa. Babu rauni, babu guba. Da aka bincika sai aka tarar tubali ɗaya ne ya sauya a jikin TRPA1 ɗinsu, ƙofar tana barin abin da ya wuce kima ya shiga idan ta buɗe. Ƙararrawa ita kaɗai, ba ɓarawo, ta isa ta hana gida barci.

Wani abin da ba kowa ya sani ba, aldehaid ba daga waje kawai yake zuwa ba. Jiki da kansa yana ƙera shi. Idan wuri ya ji rauni ko ya kumbura, kitsen da ke bangon ƙwayoyin halitta yakan lalace kamar yadda man gyaɗa ke yin ɗaci idan ya daɗe a rana, ya saki wani aldehaid da ake kira 4-HNE, wanda Hermann Esterbauer na Jami'ar Graz a Ostiriya ya yi fice wajen nazarinsa. A 2007 aka nuna shi ma TRPA1 yake buɗewa, wanda ke cikin dalilan da rauni ke ci gaba da zogi bayan abin da ya jawo shi ya wuce. A jikin mai ciwon suga kuma wani mai suna metilgilayoksal yana taruwa, kuma yana cikin waɗanda ake zargi da raɗaɗin tafin ƙafa da ke hana masu wannan ciwo barci. Likitocin sankara sun san akirolin ta wata fuskar. Maganin nan saikulofosfamaid, idan hanta ta sarrafa shi, yana sakin akirolin, wanda ke taruwa a mafitsara ya ci bangonta har majiyyaci ya yi fitsarin jini. Dabarar da aka samo ita ce a haɗa masa da wani magani mai suna mesna, wanda ba komai ba ne illa ɗan sinadari mai ɗauke da farar wuta a buɗe. Yana isa mafitsara ya miƙa kansa, akirolin ya cafke shi maimakon naman mutum, fitsari ya fitar da su tare.

Wannan dabara ta miƙa fansa jiki ya riga likitoci saninta. Kowace ƙwayar halitta tana ajiye da gulutatayon, wanda aikinsa ke nan, ya tari aldehaid da tasa farar wutar. Akwai kuma wasu furotin masu narkar da aldehaid su mai da shi asid marar fitina, shahararrensu ALDH2. Darajar wannan furotin ta fi fitowa a Gabashin Asiya, inda mutane sama da miliyan 500, a Sin da Japan da Koriya, suka gaji wani nau'insa mai rauni. Idan ɗayansu ya sha barasa, asetaldehaid ɗin da hanta ke samarwa daga ita ba ya narkewa da wuri, fuska ta yi ja, zuciya ta yi ta bugu, tashin zuciya ya biyo. Waɗanda suka daure suka ci gaba da sha a haka, haɗarin sankarar maƙoshi a wajensu ya ninka na sauran mutane sau da yawa. Rumbun kariya yana da iyaka, kuma na wani ya fi na wani girma tun daga haihuwa.

Sankara ta kawo mu ga rabin labarin da bai bi ta jijiya ba sam. Aldehaid yana manne wa DNA, wato kundin gadon da ke cikin ƙwayar halitta, kamar yadda yake manne wa furotin, kuma DNA ba ta da ƙararrawa. Hukumar binciken sankara ta duniya da ke birnin Liyon a Faransa, wadda ke ƙarƙashin Hukumar Lafiya ta Duniya, ta sa fomaldehaid, wato aldehaid ɗin da ke cikin fomalin, a rukunin farko, na abubuwan da aka tabbatar suna jawo sankara ga mutum, a 2004. Dalilin farko sankarar bayan hanci ce, kuma akwai hikima a wurin: fomaldehaid yana narkewa a ruwa da sauri, don haka damshin hanci ke kama mafi yawansa kafin ya gangara huhu, inda aka kama shi nan yake ɓarna. A 2020 hukumar ta sa akirolin a rukunin da ke biye, na waɗanda ake kyautata zaton suna jawowa. Hayaƙin tuya a mai mai tsananin zafi da hayaƙin itacen girki a cikin ɗaki su ma a nan suke tun 2006. A kula, waɗannan rukunai suna auna ƙarfin hujja ne, ba girman haɗari ba. Ba wanda ya ce soya doya sau ɗaya a mako daidai yake da aiki shekara talatin a ɗakin da ake jiƙa gawa da fomalin. Yawa da daɗewa su ne ma'auni.

Daɗewar kuwa ita ce inda ƙararrawa ke gazawa. Bayan guguwar Katrina ta 2005 a Amurka, gwamnati ta zaunar da dubban iyalai a gidajen tirela na wucin gadi, waɗanda aka yi cikinsu da katakon matse da gam mai fitar da fomaldehaid. Mutane suka yi ta kukan ciwon kai, haɓo, tari da ƙaiƙayin ido, aka daɗe ana jan ƙafa, sai a 2008 hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasar ta bayyana cewa abin da ta auna a cikinsu ya ninka na gidajen yau da kullum sau da yawa, aka shiga kwashe mutane. Ba wanda ya faɗi nan take. Kaɗan-kaɗan ne, dare da rana, kuma zafi yana ƙara fitar da shi. Irin wannan katako shi ne a yawancin sababbin kabad da gadajen da ake jera wa amare yau, kuma warin nan na sabon kaya da ke sa ido yaji idan an buɗe ɗakin da ya kwana a rufe, akwai fomaldehaid a cikinsa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada ya wuce miligiram 0.1 a kowace mita kubik (mita ɗaya tsawo, faɗi da tsayi) ta iskar ɗaki. Barin taga a buɗe a makonnin farko ba ƙauyanci ba ne.

Akwai kuma masu kashe ƙararrawar da gangan. Mantol yana buɗe ƙofar sanyi, saƙon sanyin kuma yana danne saƙon raɗaɗi. A 2011 Jordt da abokan aikinsa suka nuna cewa ɓeran da aka shaƙa wa akirolin tare da mantol ba ya ja da numfashinsa baya kamar wanda aka shaƙa wa akirolin zalla. Gubar tana nan yadda take, tsiyar kawai ba a ji. Wannan ya bayyana abin da ya sa sigari mai mantol ya fi sauƙin koya ga yaro, domin tarin nan na zuƙar farko shi ne ke korar da yawa daga masu gwadawa. Tarayyar Turai ta hana sayar da shi a watan Mayun 2020. A Amurka, inda mafi yawan baƙaƙen fata masu shan taba irinsa suke sha, an gabatar da shawarar hani a 2022 amma ba ta zama doka ba. Shisha ma wannan wasa take yi ta wata hanya: ruwa ya sanyaya hayaƙi, ƙamshin tuffa ko na'a-na'a ya rufe sauran, alhali abin da ake gasawa da garwashi taba ce da aka jiƙa da gilisarin da zaƙi, wato ainihin kayan haɗa aldehaid. Masu bincike a Jami'ar Amurka ta Beirut sun auna, suka tarar zama ɗaya na shisha yana ba da fomaldehaid ninkin-ba-ninkin na karan sigari ɗaya. Sigarin lantarki shi ma gilisarin yake dafawa. Yawanci abin da yake fitarwa bai kai na sigari ba, amma idan wayar da ke dafa ruwan ta yi zafi fiye da kima ko ruwan ya ƙafe, adadin yana tashi sosai.

Sai kuma sabo, wanda ba kamfani ya ƙera shi ba. Ka tambayi mai gasa tsire ko matar da ta shekara ashirin tana tuyar waina ko hayaƙi ba ya damunta, amsar ɗaya ce: ai mun saba. Gaskiya suka faɗa, jijiyar da aka dame ta kullum tana dusashewa. An auna an ga mashaya sigari sun fi waɗanda ba sa sha jure abin da ke tayar da tari, kuma idan suka daina, cikin 'yan makonni jin ya dawo. Sai dai jijiya ce ta saba. Furotin ɗin huhu da DNA ba su san sabo ba, kowace safiya sababbin baƙi ne a wajensu. Ban san wata kalma da ta fi "na saba" yaudara a wannan fage ba, domin mai faɗinta yana jin ya yi ƙarfi ne, alhali mai gadinsa ne ya gaji ya yi barci.

Kada kuma a ɗauka duk abin da bai sa hawaye ba lafiya lau ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa gurɓatacciyar iskar cikin gida ta yi sanadin mutuwar mutum kusan miliyan 3.2 a 2020, a duniyar da mutum sama da biliyan biyu ke girki da itace, gawayi, kara, kashin shanu ko kananzir. Wannan adadi ba na aldehaid kaɗai ba ne. Kaso mai yawa na ƙananan ɓurɓushin toka ne da ke nutsewa can ƙasan huhu. Ga kuma iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da wari, ba ta da yaji, ba ta da wata ƙofa a jijiya da za ta buɗe. Ita ce ke kashe iyali guda cikin barci idan an kwana da janareta a lungu ko kaskon gawayi a rufaffen ɗaki lokacin sanyi. Ɗanyen itace mai sa kuka yana kore ka waje. Gawayi mai ci shiru yana barin ka ka kwanta. Maganin sauro na nannaɗe, wanda ake kunnawa a rufe ƙofa, wani nazari na 2003 ya tarar wasu nau'o'insa suna fitar da fomaldehaid da ya kai na karan sigari kusan 50 kafin ɗaya ya cinye. Turaren wuta ma, duk da matsayinsa a ɗakin mace, abu ne da ke cin wuta a hankali ba tare da harshe ba, kuma irin wannan ci shi ya fi fitar da aldehaid. Ba na cewa a bar shi. A turara ɗaki, a bar hayaƙin ya fita, sannan a shigo da jariri.

Kamfanonin magani sun yi shekaru suna neman abin da zai toshe TRPA1, don tari mai naci, asma da raɗaɗin jijiya. An samu hoton siffar ƙofar dalla-dalla a 2015, kamfanin Glenmark na Indiya ya gwada nasa a kan masu raɗaɗin ciwon suga, Genentech na Amurka ma ya kai nasa ga gwajin mutane, amma neman ya fi yadda aka zata wuya. Ga wanda ƙararrawarsa ke kuka ba dalili, irin wannan magani rahama ne. Ga wanda ke tsaye cikin hayaƙi kuwa, mantol ne mai tsada.

Mu koma wajen mai ƙosai. Duk lokacin da aka maimaita mai, yana ƙara rugujewa, zafin da zai fara hayaƙi a kansa yana sauka, don haka man jiya ya fi na yau saurin ƙauri, na shekaranjiya ya fi na jiya. A ce mata ta zubar da shi kullum, a farashin man gyaɗa na yanzu, maganar wanda bai taɓa riƙe jari ba ce. Abin da ke hannunta shi ne ta tace ɓurɓushin da ke ƙonewa a ƙasan kasko, ta zare itace ɗaya da zarar shuɗin hayaƙin ya fara, ta nemi busasshen itace, ta kafa murhu a fili ta ba iska baya. Da kuma goyon da ke bayanta, wanda yake da ƙofar nan tun ranar da aka haife shi amma ba shi da ikon kau da kai. Ita tana numfashi sau 12 zuwa 20 a minti ɗaya, shi yana yin 30 zuwa 60.